Jawabi a Kan Wanda Ya Raunata Dabbar Wani Bisa Kuskure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara. Bara da kaka ina komowa daga Gwaram zuwa Birnin Kudu bisa babur, ina gaggawa don in riski magariba, sai wani kare ya gitta, na buge shi, ƙafarsa ta karye. Karen wani makiyayi ne, shi ke tsare masa tumaki. Mutane suka taru suka ce, "Malam, wuce abinka. Ƙaddara ce, kuma kare ne." Na so in bi maganarsu, sai na tuna abin da na ke karantarwa.

Ku sani, kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke lamuni. Ga dukiyar mutane, ganganci da kuskure ɗaya su ke wajen biya. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa mahayi shi ke lamunin abin da dabbarsa ta taka. To, ina ga wanda linzamin ƙarfe ke hannunsa? Ya kuma bayyana cewa karen da shari'a ta yarda a riƙe, na gona ko na kiwo ko na farautar abinci, wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa.

Idan rauni ne, Muhtasar na Shehu Halilu ya raba shi biyu. In raunin ya ɓata amfanin dabbar, mai ita yana da zaɓi: ya karɓi ƙimarta duka, ko ya riƙe ta a biya shi abin da ta ragu. In bai ɓata ba, ragin kaɗai za a biya.

Haka muka yi. Dattawa biyu suka ƙimanta karen yana lafiya, suka ƙimanta shi da gurgunta, na biya abin da ke tsakani. Da mun saɓa, da sai gaban alƙali.

Ya ku masu babur da direbobi, wanda ya buge akuya, ko rago, ko karen kiwo, kada ya gudu. Ya tsaya, ya nemi mai shi, ya biya, ko a yafe masa da yardar zuciya. Haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya sauke shi.

Allah ya raba mu da haƙƙin mutane. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.