'Yar ƙauye da hanyar kwaleji

Masu sauraro na Dakoro da kewaye,

Yau maganarmu kan 'yan mata ce. Binciken ƙasa na 2012 ya gano cewa a Nijar, yarinya 3 cikin 4 ana aurar da su kafin shekara 18. Jihar Maradi na sahun gaba.

Ku duba inda abin ke somawa. Yarinya ta gama firamare a ƙauye. Kwaleji na nesa. Ba masauki, ba abinci, ba mai sa mata ido. Sai ta koma gida, sai a sa ranar aure.

Masauki, jama'a, masauki! Iyayenmu na cikin gari, mai ɗaki ya karɓi yarinya guda bana.

Mu kwana nan. A huta lafiya.