Hadayar Tattabaru Biyu

  Na san yanzu haka hannuwa na cikin aiki: wata na suyar cincin, wata na yi wa yarinya kitso, wata kuma ta dawo daga wajen tela ranta a ɓace don bai gama ɗinki ba. A ci gaba da aiki, ni kunne kawai nake roƙo.

Kowace Kirsimeti a komin dabbobi muke tsayawa, mu yi waƙar makiyaya, mu tashi. Yau ina so mu ɗan ƙara gaba, zuwa ranar da Maryamu ta yi arba'in. E, ita ma ta yi, kamar yadda muke yi. Bisa ga shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haifi ɗa namiji, in kwana 40 sun cika, sai ta kai ɗan rago bana ɗaya tare da ɗan tattabara ko kurciya wurin firist. Amma shari'ar ta bar ƙofa ga wadda ba ta da halin rago: ta kai kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, ya wadatar. To ku buɗe Luka sura 2, aya 22 zuwa 24, ku duba abin da aka ambata sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Urushalima. Tsuntsaye ne. Babu rago.

Ku yi tunani. Wannan mace ta baro Nazarat da tsohon ciki, tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Baitalami, kusan nisan Jos zuwa Bauchi, ta haihu a baƙon wuri. Yanzu ga ta a haikali, wasu na jan raguna, ita kuwa hadayar talakawa ce a hannun mijinta. Wata za ta ce, ina zinariyar da masanan gabas suka kawo? Ga alama zuwansu daga baya ne, domin Matiyu ya nuna a cikin gida suka sami yaron. Abin da ya taɓa ni shi ne, ba ta zauna a gida don kunya ba. Kuma a ranar ce tsoho Siman ya karɓi yaron a hannunsa, tsohuwa Hannatu, gwauruwar da ba ta rabuwa da haikali, ta yi ta ba mutane labarinsa.

Me ya sa na kawo wannan? Wata shekara, a zumuntar mata ta cocinmu, muka fitar da anko na Kirsimeti. Ina cikin waɗanda suka zaɓi atamfar, kuma mai tsada muka zaɓa, wai kada wata coci ta fi mu. Ni kaina bashi na ci wajen dillaliya, sai watan Maris na gama biya, maigida bai ma sani ba sai da ta zo ta yi sallama a ƙofa. Wannan kunyata ce, na sha abina. Amma ranar Kirsimeti da muka jeru za mu yi waƙa, sai na lura babu Mama, wata gwauruwa da ta fi kowa murya a cikinmu. Washegari na je gidanta. Ta ce, "'Yata, lafiyata ƙalau. Na ga in na tsaya cikinku da tsohon zanena zan ɓata muku layi." Tana riƙe da jikoki marayu uku, kuɗin makarantarsu na Janairu take tarawa. Na rasa bakin magana. Mu da ke cewa muna murnar haihuwar Mai Ceto, mu muka hana ta shiga gidansa.

Ban ce kada a yi ɗinki ba, kada wata ta je ta ce na hana yara sabon kaya. Mai hali ta yanka kaza, ta dafa shinkafa, ta aika wa maƙwabta, har da 'yan'uwanmu Musulmi da suke aiko mana da naman Sallah. Wannan zumunci ne mai kyau, kada mu bari ya mutu. Amma wadda ba ta da shi, don Allah kada ta taɓa jarin sana'arta ko kuɗin makarantar yara. Ta wanke zanen da take da shi, ta goge, ta zo sujada. Shugabannin zumunta kuma, kafin ku fitar da anko, ku fara tambaya ko mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya saya. In ba za ta iya ba, ko ku saya mata a asirce, ko ku ce kowa ta ɗaura farin kallabi kawai. Mu tun daga shekarar nan kallabi muke yi, kuma Mama ce ke ba da waƙa.

Kafin jajibere, ki duba bencin da kike zama, ki tuna wadda kwana biyu ba ki gani ba, ki taka ki je gidanta. Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu, ku huta lafiya.