Idan mai ƙorafi ya ce ya janye, wa ke bin ba'asi?

 

Maganata ta yau a kan wata 'yar takarda ce da ba ta cika wuce layi huɗu ba. Mutum ya kai ƙorafi cewa ɗan sanda ya lakaɗa masa duka, ko ya karɓi kuɗin beli alhali ga shi a rubuce jikin bangon caji ofis cewa beli kyauta ne. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, kawunsa na dama, mai unguwa na hagu. Kansa a sunkuye zai dangwala yatsa a ƙarƙashin rubutun da galibi wani ne ya yi masa: ya janye, don raɗin kansa, ba wanda ya tilasta shi. A sa takardar a fayil, a rufe, shi ke nan.

Ban ce duk janyewa ta tsoro ce ba. Akwai wanda aka biya shi kuɗin magani ya gamsu, akwai wanda ya gane ya zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Amma ku dubi direban a-daidaita-sahu da ke bin titi ɗaya kullum, yana wucewa ta gaban mutumin da ya kai ƙara. An ce masa ya yi haƙuri, ya bar wa Allah, ba a faɗa da hukuma. Ƙila babur ɗinsa na tsare, ƙila ƙanensa na ciki. Kowace zirga-zirga zuwa hedikwata asarar cinikin yini ce. Takardar wanda ya yafe da ta wanda aka fi ƙarfinsa kalmominsu ɗaya ne, ba mai bambance su sai wanda ya kira mutumin gefe ya tambaye shi.

Hukumomi ba su yi mana kaɗan ba a Najeriya. Tsarin Mulkin 1999 ya ba Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. A Nuwamba 2015, zamanin Solomon Arase, aka buɗe sashen karɓar ƙorafin jama'a a hedikwatar rundunar, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ce a kafa irinsa a kowace jiha. Ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga dokar hana azabtarwa ta 2017. Ƙofofin shigar da ƙorafi ke nan. Ƙofar da ƙorafin ke sulalewa ya fita, ita ce muka bari ba mai gadi.

Wasu ƙasashen sun lura da wannan giɓi. A Ingila da Wales, ƙa'idojin 2020 sun ce janyewa sai a rubuce da sa hannu, sannan wajibi ne a duba ko maslahar jama'a na buƙatar a ci gaba da binciken halayyar jami'in, ko da mai ƙorafin ya tafi. A Hong Kong kuwa 'yan sanda ne ke binciken kansu, abin da ake yawan sukar tsarin a kansa, amma majalisar sa ido da ta samu ƙarfin doka a 2009 tana duba har fayilolin da aka rufe da sunan janyewa, don ta tabbatar ba a matsa wa kowa ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu, malamai na nan sun fi ni sani. Fiƙihu ya raba haƙƙin mutum da abin da ya shafi al'umma. Imamu Malik ya kawo labarin Safwan ɗan Umayya, wanda aka sace wa mayafi, ya kai ɓarawon gaban Manzon Allah (SAW), sannan ya nemi yafewa, aka nuna masa cewa lokacin yafiyar kafin a kawo maganar gaban hukuma ne. Wanda aka mara yana da ikon yafe zafin marin. Ba shi da ikon yafewa a madadin wanda za a mara gobe a ɗaki ɗaya, da hannu ɗaya. Albashin ɗan sanda da bindigarsa daga aljihun jama'a suka fito, don haka jama'a na da bakin magana a kan yadda ya yi amfani da su.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Kada a karɓi janyewa a ofishin da ake ƙorafi a kansa, ko a gaban jami'in da ake zargi. Wani daga wajen rundunar ya gana da mai ƙorafin shi kaɗai, ba kawu ba mai unguwa, cikin harshen da yake ji, ya tambaye shi: wa ya zo gidanka, me aka ba ka, me aka ce zai same ka? Idan maganar ta kai ga rai, ko azabtarwa, ko fyaɗe, bincike ya ci gaba da takardar asibiti da littafin tsare mutane, ko mai ƙorafin ya janye ko bai janye ba.

Sai ƙidaya, wadda ita ce ta fi damuna. Janyewa ɗaya ba ta nuna komai. Amma idan jami'i guda an kai ƙararsa sau shida, duk shidan aka janye, to akwai abin dubawa, kuma ba za a taɓa ganinsa ba muddin kowane fayil a keɓe ake rufe shi. Wannan ƙidayar kariya ce ma ga ɗan sanda nagari, wanda ake yi wa kuɗin goro da miyagu.

Lauyoyi da 'yan jarida da ke zauren nan, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, rundunar 'yan sanda kuwa ta tarayya ce, dokar ta hau kanta. Ku rubuta wa kwamishinan 'yan sandan jiharku: ƙorafi nawa aka karɓa bara, nawa aka janye, daga wane caji ofis, kuma wa ya tantance janyewar. Ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In kwanakin suka cika ba amsa, dokar ta ba ku damar zuwa kotu.