Jawabin Godiya da Jan Kunne a Taron Ƙungiya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo.

Bara ɗan ƙanenmu mai shekara 24, mai tsare mana shago, ya ji ƙullutu mai tauri a ƙwan marainansa ɗaya, ba zafi. Kunya ta sa ya ɓoye wata huɗu. Da ya faɗa, muka ce gwaiwa ce, muka yi ta ɗura masa jiƙo. Sai a asibiti, bayan hoto da gwajin jini, likita ya ce ciwon daji ne.

Wallahi daren nan ba mu runtsa ba. Aka cire ƙwan, aka yi ta sa masa magani ta jijiya har gashinsa ya zube. Muka riƙa karɓa-karɓar jinya, gudummawarku kuwa ita ta rufa mana asiri. Yau ya koma shago, kuma likita ya ce ɗayan kan isa haihuwa.

Jama'a, ciwon nan samari ya fi kamawa, kuma yawanci yana warkewa in an gano shi da wuri. Mu ja yaranmu a jiki, kada kunya ta hana su faɗa mana.