Ƙofar da muke bari a buɗe cikin aljihunmu

 

Da yawanmu mun koma Proton Mail ko Tuta don kare saƙonnin ƙungiya. Madalla. Amma mu gane abu guda: waɗannan manhajoji suna kulle saƙo a kan hanya da kuma a rumbun kamfanin. Idan ka shiga sau ɗaya ka bar akwatinka a buɗe, to mabuɗin yana zaune cikin salularka. Duk wanda wayar ta faɗa hannunsa ba a kulle ba, a shingen bincike ne ko wajen mai caji, zai karanta komai, ko kalmar sirri ba zai nema ba.

Me ya sa muke barin sa a buɗe? Don mu ji ƙarar saƙo da ya shigo. Hakan kuwa sai manhaja tana aiki a bayan fage. Yawancin manhajoji ta hannun Google ko Apple sanarwarsu ke bi, kuma a Disamba 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya bayyana cewa gwamnatoci na neman bayanan irin wannan sanarwa daga kamfanonin biyu. Tuta ta gina tata hanyar a Android ba tare da Google ba. Sai dai wayoyi da yawa kan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai saƙon gaggawa ya iso shiru. Kun ga, kowane zaɓi da kuɗinsa.

A kwamfuta ma haka ne. Proton Mail Bridge yana aiki a bayan fage, yana kwance saƙonni ya miƙa wa Thunderbird ko Outlook, su kuma su ajiye kwafi a cikin na'urar.

To, ga abin da nake roƙo. Kowa ya sa wa manhajar lambar sirri daban da ta wayar. Kafin tafiya ko taron jama'a, a fita daga akwatin gaba ɗaya. A kwamfutar haya kada a taɓa zaɓar a ci gaba da zama a ciki. Idan waya ta ɓata, a shiga daga wata na'ura a rufe duk zaman da ke buɗe, a canza kalmar sirri nan take.

Akwatinka ba sirrinka kaɗai ke ciki ba. Akwai sunayen waɗanda suka ba mu amana suka kawo mana kokensu.