KU GWADA ƘASA KAFIN KU HAƘA MASAI KO SOKAWE

Yau ba maganar taki ko iri za mu yi ba. Maganar ramin bayan gida ce, da ruwan da iyalinku ke sha.

Yawancinmu da rani muke haƙa masai, don a lokacin ne aikin gona ya yi sauƙi. To, a nan kuskuren yake. A watan Maris ruwan ƙasa ya janye can ƙasa, mai haƙa ya tarar da rami busasshe, ya ce wuri ya yi kyau. Da an shiga Agusta sai ruwa ya taso ya haɗu da ƙazanta, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗa rijiya. Ba ka ganinsa, sau da yawa ba ka ma jin warinsa. Haka kwalara da zazzaɓin taifod ke shiga gida. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, galibinsu a jihohin Arewa. Ita kuwa cutar da damina ta fi tashi, daidai lokacin da kake bukatar kowane hannu a gona.

Ko wanda ya gina tankin siminti bai tsira ba. Tanki kauri kawai yake riƙewa, ruwan yana fita ya shiga sokawe, kuma ƙasa ce ke tace shi.

Saboda haka abu na fari, ku leƙa rijiyar da ta fi kusa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ku zura igiya ku auna daga baki zuwa ruwa. Tilas a bar aƙalla ƙafa 5 na busasshiyar ƙasa, wato mita ɗaya da rabi, tsakanin gindin rami da inda ruwa ke kaiwa. In ruwa yana ƙafa 15, raminka kada ya wuce ƙafa 10. Wanda bai auna da damina ba ya tambayi masu haƙar rijiya na garin, sun fi kowa sani. Ku kuma dubi ƙasar da ke fitowa daga ramin: in ta koma launin toka mai ɗigon tsatsa, ruwa yana kwana a wurin kowace shekara.

Sai gwajin shan ruwa. A daidai zurfin da sokawe zai zauna, ku haƙa ɗan rami, faɗi ƙafa 1, tsawo ƙafa 1, zurfi ƙafa 1. Ku cika shi da ruwa da yamma, ku bar shi ya kwana. Kada ku tsallake wannan, don ƙasa mai ƙishi takan ruɗi mutum. Da safe ku kafa kara a ciki, ku yi masa tsaga biyu, ɗaya a inci 9 daga gindi, ɗaya a inci 3. Ku sake cikawa, ku duba agogo daga lokacin da ruwa ya iso tsagar sama har ya kai ta ƙasa.

In bai kai rabin awa ba, ƙasar ta cika yashi, kamar ta jigawa. Ruwa zai wuce ba a tace shi ba. In ya haura awa huɗu, yumɓu ne ko laka, ramin zai cika ya tumbatsa a tsakar gida. Abin da ke tsakanin nan shi ake so. Ku maimaita gwajin sau uku.

Tazara kuma: ƙafa 100 tsakanin rami da rijiya, wato mita 30, kamar taku 40 na babban mutum. Rijiyar maƙwabcinka ma tana cikin lissafi, ku zauna ku yi magana tun ba a sa diga ba. Rijiya ta kasance a tudu, rami a gangare. Inda yashi ya yi yawa, ko dutsen ƙasa yana da tsaga, a ƙara nisa.

Mutanen fadama, irin na bakin kogin Haɗejiya, inda ruwa ke kusa ƙwarai, kada ku zurfafa. Ku haƙa gajeren rami, ku ɗaga ginin sama da bulo, ku tara ƙasa kewaye da shi ku daɓe.

In gida ya yi matsi, tazarar ba ta samu ba, kada ku haƙa tukuna. Ku kira duba-gari ko malamin gona na yankinku ya zo ya ga wurin da idonsa.