Ƙaramar Kwamfuta da Lissafin Batir: Maye Gurbin Tsohuwar Kwamfutar Tebur a Gida



Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi ƙarni na takwas. Ke nan kwamfutocin tebur masu yawa da ke ɗakunanmu sun shiga tsufa, ko da suna kunnuwa. Ra'ayina shi ne a maye gurbinsu da ƙananan kwamfutoci masu cin wuta kaɗan, amma hujjar da aka saba kawowa, wato rage kuɗin lantarki, ita ce mafi rauni.

A yi lissafi. Tsohuwar kwamfuta da allonta sukan ja wajen wat 100. Ƙarama mai ɗauke da Intel N100, wanda ya fito a 2023, idan aka haɗa ta da allo na zamani, wat 30 ya ishe su. A aikin awa 6 kullum, tsohuwar za ta ci yunit 18 a wata, ƙaramar kuwa ƙasa da 6. Ko a farashin rukunin Band A, da ya haura Naira 200 kan yunit tun Afrilun 2024, rarar ba ta kai Naira 3,000 a wata ba. Mai jiran wannan rara ta biya masa kuɗin sabuwar na'ura zai yi shekaru yana jira. Inda abin ya sha bamban shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana riƙe wat 1,200 na awa ɗaya, kuma idan na ruwa ne, rabinsa kawai ake ja in ana so ya daɗe. Wannan rabin zai riƙe tsohuwar kwamfuta ƙasa da awa 6 bayan inbata ta ci nata kaso, ƙaramar kuwa kusan awa 20. Da yawa daga cikin ƙananan ma bolt 12 suke sha kai tsaye. Wanda ya ga duhun da ya mamaye jihohin Arewa na tsawon kwanaki a Oktoban 2024, ga tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, ya san bambancin ɗalibin da ya kammala aikinsa da fanel ɗin sola guda da wanda ke jiran a tada janareta.

Za a ce tsohuwar tana gyaruwa: kowane mai gyara a kasuwa zai buɗe ta, ya canza mata abin da ya ƙone. Wannan gaskiya ne, kuma ban raina shi ba, domin wasu ƙananan an liƙe ma'ajiyarsu a jikin allon ciki, in ta mutu sai a jefar da duka. Sai dai akwai tsaka-tsaki: ƙananan Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamarwa suna shigowa a gwanjo. Ana buɗe su, ana ƙara musu ma'ajiya, masu gyaranmu sun san su. A duba dai cewa injin ya kai ƙarni na takwas.

Wasu kuma za su nuna Raspberry Pi, wanda aka ƙirƙira a Kambirij ta Ingila, ya fito a 2012 kan dala 35. Cin wutarsa bai kai na fankar tebur ba, kuma ya dace da yaro mai koyon rubuta manhaja. Amma Linux yake gudanarwa, don haka mai buga katin aure da CorelDraw ba zai same shi da amfani ba. Batun kwamfutar cinya ya fi ƙarfi, tunda da batirinta take zuwa. Matsalarta ita ce zafinmu na Afrilu yana gajarta ran batirin, kuma idan allo ya fashe a hannun yara, gyaransa kan yi tsada. A tsarin ƙaramar kwamfuta, madannai da linzami na tsohuwar suna nan daram, haka ma allon in na zamani ne, akwatin kaɗai ake sauyawa. Shi ma tsohon akwatin, in an sa masa Linux, zai iya ci gaba da aiki a makaranta ko ofishin da ke da tsayayyiyar wuta.